Nauyin Suruki Da Sabuwar Tirela: Ka Hau Rufinta Kafin Ka Ɗauki Biro

Assalamu alaikum Kawu. Ina aiki a filayen mai na yammacin Texas, wajen Midland, iyalina kuma suna Houston. Kuɗin haya ya ishe ni, sai na yanke shawarar sayen tirelar kwana, irin wadda ake ɗora goshinta a bodin akori-kura, da suke kira fifth-wheel, in zauna a ciki kamar abokan aikina. Sabuwa ce dal, dala 68,000. Na ba da kafin alƙalami dala 2,000, sauran bashin banki ne. Yayan matata ne ke aiki a wurin dillalan, shi ya yi min hanya har aka yi min ragi. Ya ce in zo Asabar da ƙarfe uku na yamma, minti arba'in ya isa a zagaya da ni, ma'aikatansu sun riga sun duba komai, ga kuma garantin shekara guda. Wani abokin aikina ya ce in ban ɗauki wuni guda ina dubawa ba zan yi da-na-sani. Ni kuma nauyin Yaya nake ji. In na zo da tocila ina leƙe-leƙe, kamar na ce ban yarda da shi ba ne. Maiɗakina ma ta ce kada in ja mata magana a gidansu. Yaya zan yi?

Wa'alaikumus salam, ɗana.

Abokin aikinka bai yi maka ƙarya ba. Minti arba'in da yammacin Asabar, lokacin da makanikai ke wanke hannu za su tafi gida, rakiya ce kawai zuwa ofishin sa hannu. Duk maganar da zan yi maka kuwa a jikin wannan sa hannun take rataye.

Dubi yadda cinikin yake. Kafin ka ɗora biro a takarda, tirelar tasu ce, banki bai sakar musu ko sisi ba, kamashon mai sayarwa bai shiga aljihunsa ba. Duk notin da ya kwance a ranar ciwon kansu ne, za ka ga an kira makaniki da gudu. Da zarar ka sa hannu, reshe ya juye da mujiya: tirelar taka ce, bashin naka ne, kai kuma ka koma layin masu jiran gyaran garanti, bayan duk wanda ya riga ka. A wannan layin sai dila ya ɗauki hoton ɓarnar ya tura wa kamfanin da ya ƙera, kamfani ya amince zai biya, a yi odar kayan gyara, a zauna jiran isowarsu. Makonni ne, wani lokaci watanni. Banki kuwa ba ruwansa, wata na ƙarewa zai cire nasa. Kada kuma wani ya ruɗe ka da zancen cewa a Amurka mai saye yana da kwana uku ya fasa ciniki. Wannan ƙa'idar ba ta shafi abin da ka taka da ƙafarka har shagon dila ka saya ba.

Za ka ce, to me zai sa sabon abu ya zo da aibi? Ka cire hoton motar Toyota daga ranka. Mafi yawan waɗannan tireloli a yankin Elkhart na jihar Indiyana ake haɗa su, da hannu, da bindigar ƙusa da gam, kuma a masana'antu da yawa ma'aikaci na samun kuɗinsa ne gwargwadon yawan abin da aka gama a rana. A 2021 kaɗai an fitar da gidajen tafiya sama da 600,000 daga masana'antun ƙasar. Daga nan sai wani direba ya ɗaura ta a bayan motarsa ya ja ta sama da mil 1,000 zuwa Houston, ramuka da gargada duk ta sha. Gida ne na katako da roba da fayif da aka yi kwana biyu ana jijjigawa. Mu da muke kiran wayar hannu tafi-da-gidanka, ga ta gaske nan, kuma gidan da ke tafiya dole wani abu ya saki a jikinsa. Yaya bai ƙera ta ba, bai ja ta daga Indiyana ba, wataƙila ma bai taɓa leƙa ƙarƙashinta ba. Aibin da za ka gano ba nasa ba ne.

Ni kaina na sha wannan ruwan, kuma ruwa ne na gaske. Shekarun da nake jan babbar mota tsakanin jihohi na sayi tawa, ranar Juma'a, ina sauri kada in rasa jam'i. Yaron da ya zagaya da ni ya kunna fitilu, ya buɗe firji ya rufe, ya nuna min talabijin, na ce madalla. Dare na uku na tashi sallar asuba, na taka kafet ɗin ƙofar banɗaki na ji shi sharkaf. Wani notin roba ne a ƙarƙashin magudanar shawa da aka ɗan murza da yatsa aka wuce. Ruwan wanka na kwana uku ya bi ƙarƙashin daɓe. Tirela ta yi mako bakwai a harabar dila, ina biyan otel ina biyan banki. Da na saki shawar nan minti goma a ranar Juma'ar, na buɗe ɗan murfin da ke gefenta na haska tocila, da sufana ɗaya ta raba gardama.

Sai maganar Yaya. Kunyar suruki abu ne mai kyau, gidan da aka yi maka tarbiyya ya nuna. Amma ka ajiye ta inda ba wurinta ba. Wanne ne zai fi taɓa zumuncinku: wuni guda kana zagaya tirela da tocila, ko wata uku kullum da safe kana buga masa waya, "Yaya, ina labarin tirelata?" alhali shi a ɓangaren sayarwa yake, ba shi da ta cewa a garejin gyara? A nan ne maiɗakinka za ta tsinci kanta tsakanin miji da wa, kowa na kawo mata ƙorafi. Maganar da take gudu, ta wannan ƙofar za ta shigo.

Ka same shi tun yau, kai da shi, ba a gaban manajansa ba. Ka ce: "Yaya, Allah ya saka da alheri da hanyar da ka yi min. Alfarma ɗaya nake nema. A mayar min da ɗaukar safiyar Talata, a jona mata wuta da ruwa da gas tun daren Litinin, a bar min ita wuni guda. Ban san kan irin wannan abin ba, so nake in koya, kuma ba na son gobe in riƙa damun ka da waya." Duk wanda ya daɗe a wannan sana'a ya saba jin haka daga baƙi, ballantana daga mijin ƙanwarsa. In kuwa wurin suka ce sam ba za a jona komai ba sai ka sa hannu, to sun ba ka amsa. Ka duba rasit ɗin kafin alƙalaminka ka ga ko an rubuta ana mayarwa.

In har nauyin ya fi ƙarfinka, akwai mafita mai sauƙi. Akwai masu duba irin waɗannan tireloli masu zaman kansu, ƙungiyarsu NRVIA tana da jerin sunayensu a intanet. Za ka biya wasu ɗaruruwan daloli, wani ma ya haura dubu, amma a cinikin dala 68,000 ba asara ba ce. Baƙo ya yi leƙe-leƙen, ya rubuta rahoto da hotuna, kai da Yaya kuna gefe kuna shan shayi. Dubawar da suka ce ma'aikatansu sun yi kafin a miƙa maka tirela, wadda suke kira PDI, ka nemi takardarsa ka gani, amma kada ka ɗauke ta a madadin idonka.

In da kanka za ka duba, ka tafi da abokin aikin nan naka, tunda ya san dawan garin. Ku riƙe tocila mai ƙarfi, tsani, ɗan abin gwada soket, ma'aunin iskar taya, tolet fefa, da shuɗin tef irin na masu fenti don manna wa duk inda kuka ga matsala.

Ka fara da sama, don ruwa shi ne babban maƙiyin wannan gida. Rufin wata shimfiɗar roba ce a kan katako, kuma duk abin da ya huda ta, na'urar sanyi, tagar iska, eriya, bututun tanki, an zagaye gindinsa da wani farin danƙo. Ka hau ka rarrafa da gwiwa. Kana neman inda danƙon ya tsage, inda aka tsallake ko da faɗin farce ne, inda kan sukuru ke turo robar daga ƙasa, inda reshen bishiya ya yage ta a hanya, inda katako ya yi laushi a ƙarƙashin tafinka. Ka daɗe a layin da rufi ya haɗu da goshi da kuma na baya. Dalilin nacin shi ne yawancin kamfanoni suna ɗaukar kula da wannan danƙo a matsayin aikin mai tirela, don haka in ruwa ya shiga bayan 'yan watanni sai a ce sakacinka ne. Ka ɗauki hoton kowane gindi. In ka sauko, ka tsaya a kusurwa ka kalli bangon a karkace cikin hasken rana. Kumburi ko lanƙwasa a jikinsa alama ce fatar bangon ta saki katakon ciki, kuma wannan ba gyaran wuni guda ba ne. Irin wannan in ka gani, ka nemi wata tirelar. Sannan ka karɓi tiyo ka feshe tagogi da ƙofofin ma'ajiya, abokinka yana ciki da tocila yana bin kusurwoyi.

Ruwan ciki hanya biyu yake zuwa, ta tiyon waje da kuma ta tanki da ɗan famfon batir. Ka gwada duka. Gwajin da na fi so ba ya buƙatar kayan aiki: a cika tanki, ka kunna famfo, ka rufe duk kawunan famfo, ka zauna ka yi shiru. Ya kamata ya yi ƙara kaɗan ya tsaya, ya zauna tsit. In kana jin ya yi "burr" bayan kowane 'yan mintoci, akwai inda ruwa ke zurarewa, ko ka gan shi ko ba ka gan shi ba. Ka shimfiɗa tolet fefa a ƙarƙashin kowace mahaɗar fayif, ƙasan wurin wanke-wanke, bayan masai, gindin tukunyar ruwan zafi, ɗigo ɗaya zai tona asiri. Ka saki shawa ta yi ta zuba har tankin ruwan wanka ya cika, a cika na masai shi ma da ruwa mai tsabta, sannan ka durƙusa ka dubi baƙar ledar da ta rufe cikin tirelar daga ƙasa. In ta yi ciki ko tana ɗiga, ka manna tef. A zubar da tankunan a gabanka ka ga bawul na buɗewa yana rufewa, don ba sabon abu ba ne a tarar da guntun roba da aka yanke a masana'anta ya faɗa tanki ya toshe hanya. Tukunyar ruwan zafi kuwa, ka tabbata ta cika kafin a kunna mata wuta, in ba haka ba abin dumamawar zai ƙone nan take. A gwada ta da lantarki, a gwada ta da gas.

Wani abu da dila ba zai faɗa maka ba, don bai san mu ba: banɗakin nan ba a gina shi don mai buta ba. Daɓen gefen masai leda ce a kan katako, ba siminti da magudana irin na gida ba. Alwala da duk wani aikin ruwa, cikin shawa.

Ɗakunan nan da ke turowa waje in an danna makunni, silaid, ka fitar da kowanne ka mayar sau uku ko huɗu. Ka saurari ƙarar, ka ga ko ɓangare ɗaya na riga ɗaya, ko yana karce daɓe. In sun fita, ka kashe fitilu, ka sauke labule, ka bi gefunansu. Duk inda hasken rana ya shigo, ruwa da ƙurar Midland za su biyo shi.

Sai ƙasa. Ka sa tsofaffin kaya, don kwanciya za ka yi. Ka bi sifirin da notukan da suka riƙe aksul, wayoyin burki kada su kasance suna lilo, fayif ɗin gas kada ya riƙa gogar ƙarfe, walda kada ta kasance da tsaga. A gefen kowace taya akwai lambar da ta fara da DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka yi ta: 1224 na nufin mako na 12 na 2024. Har safaya ka duba. Ka sa a ɗaure notukan taya da sufana mai ma'auni a gabanka, kai ma ka sake ɗaurewa bayan mil 50 na farko, don sababbi sukan saki. Goshin nan da ke hawa kan mota shi ke ɗaukar wahala mafi yawa, ka haska notukan akwatin ƙarfen da ke riƙe da fin, wato ƙarfen da ke shiga ɗaurin da ke bodin mota, ka dubi bangon ɗakin kwana ta waje ko akwai tsaga a kusurwa.

A ɗaura ta a motarka, kai kana tuƙi, ba da taraktan harabarsu ba. Ka leƙa da tocila ka ga muƙamuƙin ƙarfen ya rufe wuyan fin ɗin. Ka ɗaga ƙafafun gaba kamar inci ɗaya daga ƙasa, ka riƙe burkin tirela, ka ɗan ja gaba. In ba ta kama ba, gara ta faɗi inci ɗaya a kan ƙafafunta da ta faɗo kan bodinka a titi. Tsakanin gefen bodi da ƙasan goshin a samu kamar inci 6. In bodinka gajere ne, ka karya kwana a hankali wani na kallo, don mutane da yawa sun fasa gilashin bayan motarsu a ranar farko. Akwai kuma wata siririyar waya da ke danne burki in tirela ta tsinke, a fizge ta a gabanka ka ga tayoyi sun kame.

Ba ka faɗa min irin akori-kurarka ba, kuma wannan ya ɗan tsaya min a rai. Irin wannan tirela tana ɗora wa mota tsakanin kashi 15 zuwa 25 cikin ɗari na nauyinta. Mai nauyin fam 14,000, in ka ɗauki kashi 20, fam 2,800 ke nan a bayan motarka, ban da ƙarfen ɗaurin, ban da kai da kayan aikinka. A jikin ƙofar direba akwai takardar da ta faɗi iyakar abin da motar za ta ɗauka, ita za ka bi, ba bakin mai sayarwa ba. Ita ma tirelar tana da takarda mai ruwan ɗorawa da ke faɗin kayan da za a iya loda mata, kuma ruwa na ciki: galan ɗaya fam 8.3 ne, tankin galan 60 ya kusa fam 500. In ka loda, ka bi ta sikelin CAT a tashar manyan motoci ka auna.

Wuta da gas ba za su ci maka lokaci ba in an jona tun dare. Firji ya kwana a kunne, ka tarar da gorar ruwa ta daskare. Na'urorin sanyi ka kunna su tare su yi awa guda, don zafin Midland a watan Yuli ba ya karɓar uzuri. Ka bi soket ɗaya bayan ɗaya. Ka cire babbar wayar wuta ka ga batir na riƙe fitilu da famfo. Murhu ya ba da shuɗiyar wuta, na'urar ɗumama ɗaki ta tashi ko da ana gumi, a yi gwajin zurarar gas a gabanka, ka danna makunnin ƙararrawar hayaƙi da ta gas ka ji sun yi ihu. A cikin wannan akwatin za ka riƙa barci kai kaɗai. Durowa, kabad, labule, makullai, ka buɗe ka rufe ka manna tef ka wuce.

In kun gama, ka raba jerin gida biyu. Duk abin da ya shafi ruwa, burki, gas, wuta, silaid ko shasi, a gyara ka sake gwadawa kafin ka sa hannu, ko da zai kai ka wani makon. Ƙananan kuwa, irin murfin da ya karce ko labulen da za a yi oda, a rubuta su a takardar da suke kira We Owe, kowanne da ranar cikawa, manaja ya sa hannu. Kada ka karɓi "bar min wannan, zan sa ido" daga bakin Yaya, don ka ɗora masa kayan da ba shi da ikon saukewa. In ya ga kamar rubutun ya yi yawa tsakanin 'yan'uwa, ai aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka. Ka gwada lambar shasi ta VIN mai haruffa 17 da ke jikin tirela da ta takardun banki, ka kuma sa ta a shafin NHTSA, hukumar kiyaye haɗurran titi ta Amurka, ka ga ko an yi kiran a dawo da ita gyara saboda aibin masana'anta. Ka karanta kowane layin kuɗi, don a ofishin ƙarshe ne ake cusa ƙarin garanti da su maganin fenti. Firji, na'urar sanyi da aksul galibi kowanne da garantin kamfaninsa daban, ka karɓi takardunsu.

Ka yi sa'a ɗaya. Jihohi da yawa ba sa sa tirelar da ake ja a cikin dokar da suke kira ta lemun tsami, wadda ke kare wanda ya sayi sabon abin hawa mai aibi, amma Texas ta sa. Sai dai da takarda take aiki: sau nawa aka kai gyara a kan matsala ɗaya, kwana nawa ta yi a gareji. Duk shigar da za ta yi ka karɓi takarda mai ranar shiga da ranar fita, ka adana.

Ranar da ka ɗauka kada ka miƙe Midland, tafiyar kusan mil 500 ce. Ka kama wuri a wani sansanin tireloli kusa da dilan ka kwana biyu. Ka ɗauko maiɗakinka da yara, ta yi girki a murhun, a yi wanka, a buɗe komai a rufe. Ka gayyaci Yaya cin tuwon dare a ciki, in akwai abin da ya saura yana ɗiga, ya gani da idonsa, garejinsu kuma na nan mil biyar.

Kawu